Nomau da Buhunan Tumatir Goma Sha Uku

A Kafin Marke akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Noman mutum biyu yake yi, salla ba ta wuce shi. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya duba bayanta. In ka ce masa ya sa ido a kan akuya, sai ka dawo ka tarar ya manna fuska a gadon bayanta.

Mutanen gari sun san shi, sun kuma san inda yake da amfani. Duk suna ko biki ko sadaka, shi ake miƙa wa tiren goro da ƙwaryar waina a ce, "Nomau, raba." Sai ya bi gida-gida. Ba ya tsallake ƙofa, ba ya jefa ko ɗaya a baki. Shekara ashirin yana wannan aiki, ba gidan da ya taɓa cewa rabonsa bai iso ba.

Gidan daga shi sai matarsa Hansai, 'ya'ya sun yi aure sun watse. Sai akuya biyu, da 'yar garka a bayan ɗaki, matsattsiya tsakanin katanga da katanga. Hansai ta yi shekara talatin da ɗoriya tare da shi. Ta iya auna masa magana, amma wani lokaci takan manta.

Tana da wani irin tumatir da ta gada wurin mahaifiyarta. Ƙanana ne masu tsaga-tsaga, da ɗan tsami, guda huɗu sun isa miyar gida. Ba a samun irinsa a kasuwa. Inna ta zo da shi daga garinsu a ƙulle a bakin zane, ta rasu ta bar wa Hansai a gwangwani, cuɗe da toka. Damina biyu a jere cutar ganye ta cinye shi tun bai nuna ba. Cutar funfuna ce, 'yar'uwar wadda ke kama tuwo in ya daɗe a danshi. Tana farawa da ɗigo mai ruwan ƙasa a ganyen gindi, ɗigon ya yi zobe-zobe, ganye ya yi rawaya ya ƙone, ta yi ta hawa har ta gama da tsiron. A damina ta uku, abin da ya rage a gwangwani bai cika cokalin shayi ba. Hansai ta shuka duka, goma sha uku suka tsiro. Ta ƙi dasa su a ƙasar garka, ta ce cutar bara tana nan kwance a ciki. Ta samo tsofaffin buhuna goma sha uku, ta cika su da ƙasar bakin rafi da ruɓaɓɓen taki, ta dasa ɗaya-ɗaya, ta jera a garka. Kwana uku da dashe ta zame a bakin rijiya, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada ta taka ƙasa sai ta cika kwana arba'in.

Daga gadonta ba a hango garka. Ta kira mijinta.

"Malam, in waɗannan suka mutu, irin Inna ya ƙare a duniya. Ka ji?"

"Na ji."

"Abin da na ce kawai za ka yi."

"Ai kullum shi nake yi."

Hansai ta dube shi ta yi ajiyar zuciya. Abin da take tsoro ke nan.

Wata rana da safe ta ce, "Malam, buhunan nan a cunkushe na bar su, cutar kuwa cunkoso take so. Ka sa su sha iska." Nomau ya aro baro. Ya ɗora buhu huɗu, ya tura su a hankali ta bakin kasuwa, ya zagaya gindin marke, ya kai su har gadar rafi. Masu zaman majalisa suka ce, "Nomau, tallar dashe ka fara?" Ya ce, "A'a, shan iska muka fito." Sawu huɗu ya yi. A na ƙarshe buhu ɗaya ne tal a baro, amma sai da ya kai shi har gada, don kada a ce an fifita wasu. Yelwa, maƙwabciyarsu da ke shigowa tana yi wa Hansai girki, ita ta kawo labari tana dariya har da riƙe ciki.

Hansai ta ce, "Tazara nake nufi, Malam. Ka bar taki guda tsakanin kowane buhu da ɗan'uwansa."

Ya tafi turken awaki, ya tsinto ƙwayar kashin akuya goma sha biyu, ya ajiye guda-guda a tsakanin buhunan. Sai da Yelwa ta je da kanta ta buɗe ƙafa ta nuna masa takin da ake nufi. Amma garkar ba ta da wannan faɗin. Da ƙyar aka samu tsawon tafin hannu a tsakani. Hansai ta ce a bar su haka, Allah ya kiyaye.

Wata rana ruwa ya ɗauke kwana biyar, ƙasar buhuna ta bushe. Hansai ta ce, "Ruwan da ya zauna a ganye shi ke kiran cutar. Ka ba su ruwa da sassafe, daga ƙasa, ba daga sama ba." Washegari Yelwa ta leƙa garka neman itace, sai ta ga mutum a miƙe rub da ciki tsakanin buhuna, haɓarsa a taɓo. Ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Hansai, mijinki ya faɗi!"

Saura kaɗan Hansai ta diro daga gado da ɗorinta. Sai muryar Nomau ta fito daga ƙasa: "Lafiya lau nake, Yelwa. Daga ƙasa aka ce." Buta na hannunsa, yana jan ciki daga buhu zuwa buhu kamar damo.

Da Hansai ta gama dafe ƙirji ta ce, "Yelwa, ruwan ya taɓa ganye?"

"Ko ɗigo."

"To, ki ƙyale shi."

Haka ya ci gaba da yi, rigarsa kullum a wanki. Bayan kwana biyu hadari ya taso, ruwa ya kece. Nomau ya tsaya a ƙofar ɗaki a jiƙe, ransa a ɓace.

"Hansai, ana zuba musu daga sama. Wallahi ba ni ba ne."

"Na sani, Malam. Wannan ba a hana shi."

Wata rana, bayan wancan ruwan, ta ce, "In ruwa ya daki ƙasa yakan fallatsa ta a ganye, cutar kuwa a ƙasa take. Ka yi musu shimfiɗa a gindi." Ta juya ta yi barcin hantsi. Nomau ya yi tunani. Waɗannan ba ƙananan baƙi ba ne, jikokin Inna ne, ba za a ba su tsohuwar tabarma ba. Ya buɗe adakar Hansai, ya ciro zanen gado mai furanni wanda ba a fito da shi sai in surukai sun zo. Ya yanka shi goma sha uku, daidai wa daida, don wajen rabo ba a fi shi ba. Ya shimfiɗa wa kowane tsiro nasa, ya lallaɓa gefe. Matashin kai ne bai isa ba, ya zo ya tashe ta yana tambaya ko karɓa-karɓa za su yi.

Da Hansai ta ji abin da ya yi wa zanenta, ta yi fushi har azahar. Daga nan ta ce, "Busasshiyar ciyawa, Malam. Ko ɓuntun shinkafa."

"In kwashe zanen?"

"Bar shi. An riga an yanka."

Sai ya zuba ɓuntu a kai. A duk ƙasar nan ba tumatirin da ya taɓa samun irin wannan gata.

Wata rana tsirrai suka yi tsawo suka fara sunkuyawa. Hansai ta ce, "Wanda ya kwanta ya taɓa ƙasa, cuta ta same shi. Ka samo musu sandar dogarawa." Nomau ya san wuri ɗaya da ake tara sandunan dogarawa. Da aka sallame azahar ya riga kowa fita, ya tattara na dattawa da ke jingine a ƙofar masallaci. Bakwai ya samu. Ya ce sauran shida su yi haƙuri sai Juma'a. Dattawa bakwai suka zauna a masallaci har la'asar, kowa yana zargin na kusa da shi da wasan banza. Daga baya Baba Mantau, wanda ya fi su shekaru, tsohon mai lambu ne kuma, ya zo dafe da kafaɗar ladan. Ya tarar da sandarsa mai kan tagulla a kafe cikin buhu, tumatir ya jingina da ita.

"Nomau, ni da wannan wa ya girmi wani?"

"Kai, Baba."

"To wa ya fi buƙatar sanda?"

"Shi, Baba. Kai ƙafa biyu gare ka, shi ɗaya."

Ladan ya juya fuska ga katanga, kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya zare sandarsa, ya sa aka saro gora daga bakin rafi, ya zauna a kan turmi ya nuna wa Nomau yadda ake ɗaure da tsumma sako-sako don kada a shaƙe kara. Kafin ya tafi ya dubi katangun nan biyu, ya girgiza kai. "Wurin nan ba ya numfashi," ya ce. Nomau ya kasa kunne ya ji, lallai ba ya yi.

Wata rana Hansai ta tambayi Yelwa yadda ganyen gindi suke. Yelwa ta ce sun yi duhu, har suna shafar ɓuntu. Hansai ta ce, "Malam, a yi musu aski daga ƙasa, a bar na sama." Nomau ya tafi gidan Jatau wanzami ya ce mutum goma sha uku na jira a gidansa. Jatau ya rataya zabira ya taho da sauri, yana zaton jikoki ne suka zo. Aka wuce da shi tsakar gida, aka wuce ɗaki, aka kai shi garka.

"Ina mutanen?"

"Ga su nan a jere. Ba sa motsi, ba za su ba ka wahala ba."

Jatau ya ce shi tun kakanninsa ba a taɓa yi masa wannan cin fuska ba. Hansai ta jiyo, ta gane, ta yi ta ba shi haƙuri ta taga. Ta ce tunda ya zo, kuma a garin ba mai hannu irin nasa, ya taimaka. Wannan maganar ta sauko da shi. Ya ce a tafasa masa ruwa, don shi ba ya ɗora aska ɗaya a kai biyu sai ya tsoma ta. Haka ya bi su, ya aske wannan, ya tsoma aska, ya aske wancan. Hansai ta ce wa Yelwa, "Kin ga, ko ni ban taɓa tunanin wuƙa na ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan ba." Nomau kuwa ya tattara ganyen tsaf, don ya san ba a barin gashin aski a yashe. Ya kai bayan gari ya haƙa rami ya binne. Jatau ya sha fura ya tafi, ya ce kada wanda ya ji. Kafin magariba gari duka ya ji.

Daga nan marka ta shigo. Kwana bakwai ana yayyafi ba a ga rana ba. Tsirrai sun yi fure, wasu har sun ɗaura 'ya'ya kore kamar goro, ganyensu ya haɗe da na juna. Ruwa ya kwanta a garka, gindin katanga ya yi kore.

Wata rana da hantsi Nomau ya shigo ɗaki riƙe da ganye guda a tafin hannu.

"Hansai, wannan ya sa zobe."

Ta karɓa ta duba a hasken ƙofa. Ɗigo ne mai ruwan ƙasa, zobe cikin zobe.

"Buhu nawa?"

"Na lungu. Biyun da ke kusa da shi ma sun fara kwaikwayonsa."

"Sauran goman fa?"

"Garau."

"To wanke hannunka da sabulu tukuna. Masu lafiyar nan, ka raba su, Malam! Maza ka raba su tun ba ta kama su ba!"

Ita nufinta ya janye su nesa da masu cutar, ko zuwa tsakar gida. Amma kalmar da ta faɗa, kalma ce da Nomau ya shekara ashirin yana ji, kuma aiki ɗaya ya san ana yi da ita. Ransa ma har ya yi fari, yau an ba shi aikin da ya iya. Ya wanke hannu har gwiwa, ya aro baro, ya fita cikin yayyafi.

Ya tsaya a zauren farko. "Salamu alaikum, ga rabonku."

Matar gidan ta leƙo. "Rabon me, Nomau? Wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu. Hansai ta ce a raba."

Ya sauke buhu da gorarsa da ɓuntunsa. Bai tafi ba sai da ya karanto mata duk abin da aka faɗa masa, kalma bayan kalma: ya sha iska, ruwa da sassafe daga ƙasa, shimfiɗa a gindi, sandar dogarawa, aski daga ƙasa, ganye mai zobe a cire a wanke hannu. Matar ta ce ta ji, ita kuwa ta gane abin da ake nufi. Haka ya yi a gida goma. Ya dawo da la'asar, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Na raba."

"Sannu, Malam. A ina ka jera su?"

"Gidan Liman ɗaya, gidan Jatau ɗaya, gidan Baba Mantau ɗaya, gidan Yelwa..."

Bai kai na biyar ba ya ga fuskarta. Hansai ta juya ga bango ta rufe ido da gefen zane. A shekara talatin ta yi masa faɗa, ta yi masa dariya, ta yi masa shiru, amma bai taɓa sa ta kuka ba sai ranar. Ya ce bari ya koma ya karɓo. Ta ce, "Zauna. A garin nan ka taɓa ganin an bi rabo an karɓo?" Bai taɓa gani ba.

Ya zauna a zaure bai ci tuwo ba. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai ga inda ya saɓa ba. Amma ta yi kuka, wannan kam ya gani. Tun daga ranar, kowace safiya sai ya bi gidajen nan goma, ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya namu ya kwana?" A ce masa lafiya, ya wuce gaba.

Ukun da suka rage a garka ba su kai kwana shida ba. An cire ganye, an cire reshe, cutar ta hau har kai. Hansai ta ce a ƙone su, ya ƙone. Marka ta ƙara kwana biyar a kai.

Ranar da ta cika arba'in, Baba Mantau ya aiko mata da aron sandarsa mai kan tagulla. Ta dogara ta zagaya bayan ɗaki. Ruwa har idon sawu a garka, funfuna ta rufe katanga, ko kubewar da ta fito da kanta a lungu ta ruɓe. Ta leƙa tsakar gida inda ta so a jera su, ta ga nan ma indararo biyu ke zuba, wuri ɗan kaɗan, da sai sun gogi juna. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ɗaki.

Bayan mako uku Yelwa ta shigo da kwano a rufe da faifai. Ta buɗe. Tumatir ne ja, ƙanana, masu tsaga-tsaga.

"Nawa shi kaɗai yake a bakin rumfa," in ji Yelwa. "Rana ta same shi, iska ta same shi, ba wanda zai shafa masa cuta. Sai zuba yake yi."

Ba ta rufe baki ba matar Jatau ta yi sallama da nata kwanon. Bayanta ta Liman. A Kafin Marke ba a cin amfanin kyauta ba a kai wa mai ita na fari ba. Kafin sati ya zagayo kwano takwas sun shigo. Cikin tsirrai goman, ɗaya ya mutu da cutar, da alama tun daga garka ya tafi da ita. Ɗaya kuma akuyar gidan ladan ta cinye. Takwas sun tsira, kowanne a faffaɗan tsakar gida shi kaɗai, kowace mace kuma ta ce ta ware na iri.

Baba Mantau ya zo karɓar sandarsa. Ya ce, "Hansai, da sun zauna a bayan ɗakin nan, da ko ɗaya ba ki gani ba. Shekara hamsin ina lambu, ban taɓa tunanin in kai tsiro kwanan gidan maƙwabta ba." Nomau ya ce, "Ba kwana suka je ba, Baba. Rabo ne."

Hansai ta yi miya da guda huɗu, ƙamshin ya kai har zaure. Sauran ta matse 'ya'yan ta wanke, ta shanya a faifai, ta cuɗe da toka. Gwangwanin Inna ya cika ya yi saura. Ta sa aka wanke guntayen zanen gadon nan mai furanni, ta yayyaga su ƙanana, ta ƙulle iri ɗan kaɗan a kowanne har ƙulli ashirin da biyu, adadin gidajen da ba su samu ba. Ta jera a tire ta miƙa masa.

"Malam, raba."

Nomau ya karɓi tire amma bai motsa ba. Karo na farko a rayuwarsa ya tsaya ya juya magana ya duba bayanta.

"Wace rabawar? Ta wancan karon kin yi kuka."

Hansai ta gyara masa hula.

"Irin taka, Malam."

Ya ɗora tire a ka ya fita. Bai tsallake ƙofa ko ɗaya ba.